Ranar da Aka Kusa Mai da Ni Bahaguwa

Shekarun baya kaɗan, ina jin damina huɗu ke nan, na yi abin da ko a mafarki ban taɓa kawowa ba: na yi littafi. Ni da ban taɓa taka ƙofar aji ba, ko sunana aka rubuta sai an ce mini ga shi nan. Wannan ma da kuke karantawa, ni ke faɗi, ɗiyata ke dannawa a waya, kuma na gargaɗe ta kar ta ƙara mini gishiri.

Sama da shekara arba'in na yi ina tuƙin tuwon biki da suna a Anka da ƙauyukan gefe. Ɗiyata malamar makaranta ce a Gummi. Ita ta matsa mini, wai amaren yanzu ko kanwa za su jefa a miya sai sun buga wa uwayensu waya. Duk hutu sai ta zo da takardunta ta zauna bakin murhu, ina faɗi tana rubutawa: hoce, dambu, fate, miyar sure, yadda ake rufe daddawa ta nuna, kunun mai jego. Muka shekara biyu a haka. Ba wanda ya ɗauki nauyinmu, mu da kanmu za mu kai wa masu buga littafi a Gusau.

Saura bangon littafin. Na ce a jera duk abincin da ke ciki a kai, kada a bar ko ɗaya. Mijin ɗiyata, Allah ya saka masa, ya haɗa mana a wayarsa. Da aka nuna mini, saboda kunyar da ke tsakanina da suruki na jira ya tashi. Sai da ya fita na tambayi ɗiyata ko kasuwar Bagega ce aka ɗauko ranar da take ci. Ta tuna mini cewa ni na ce a yi haka. Na ce ban tambaye ta ba.

A nan ta kawo maganar wani mutum a Gusau, wai sana'arsa ke nan, tsara bangon littafi. Na ce ba ya rubutawa, ba ya bugawa, bango kawai, kuma a biya shi? Na ƙi. Ƙawata Bafulatana mai kawo mana nono tana tsugune tana ji. Ta ce mini nonon da ke rugarsu duk ɗaya ne, amma matar da ta goge ƙwaryarta ta ɗora faifai mai kyau, gabanta ake fara tsugunawa. Na ce wa ya sa bakinta. Ta ce ai bakin nata ne ya hana ni shan fura da ruwa shekara talatin. Washegari na ce a kira shi.

Ba don maganar ƙwarya kaɗai na yarda ba. Duk abin da ke cikin littafin nan, amana na ba ɗiyata. Ko ta rubuta daidai ko ta karkace, ban da hanyar sani. Bangon shi kaɗai ne shafin da zan iya karantawa da idona. Haka ma tsofaffin da muka yi tuƙi tare, da shi za su yi mini hukunci.

Ya zo da hantsi, magidanci ne, furfura ta fara tsiro masa a gemu. Na sa aka shimfiɗa masa tabarma inda zan riƙa ganinsa. Na lura ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya wanke hannu kafin ya taɓa akushi, bai kuma bar loma don nuna shi ɗan birni ne ba. Na ce a raina, to, da sauƙi. Bai buɗe jakarsa ba sai da ya gama yi mini tambayoyi kamar mai neman aure: wa zai sayi littafin, wane abinci aka fi sanina da shi, me nake so mace ta ji in ta hango shi. Da ya ce zai ɗauki hoton fuskata, na ce fuskata ba za ta kwana a teburin kasuwa ana kora mata ƙuda ba. Bai yi gardama ba. Ya daɗe yana kallona ina kwashe tuwo, can ya ce, "Inna, to ki ba ni hannun."

Hannuna na dama akwai tabon ƙuna a bayansa, tun ina amarya talge ya fallatso mini. Na so in ɓoye shi, ya ce shi ne ma abin da yake so. Sau uku na ɗora tukunya ran nan, wai tururi bai fito yadda yake so ba. Maƙwabta sun sha tuwo har suna tambaya ko haihuwa aka yi ba a gaya musu ba.

Bayan sati biyu ya dawo da gwaji a takarda, da nufin in mun amince, gobe da safe ya miƙa wa masu bugawa. Abin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Baƙin akushi, farar malmala, tururi na tashi, ga hannu riƙe da mara, ga manyan baƙaƙe a gefe. Ɗiyata da mijinta da wata malama abokiyar aikinta suka duƙufa a kai, suna bin rubutun ɗaya bayan ɗaya, suka ce babu kuskure. Har an yi fatiha aka miƙo mini, don dai a fita hakkina.

Na duba, na sake dubawa. Wani abu ya tsaya mini a rai, kamar in ka shiga ɗakinka ka tarar an gusar da gado. Na ajiye takardar a tabarma na ɗora hannuna na dama a kan na hoton. Babban yatsa ya ƙi haɗuwa. Na ɗora na hagu, ya zauna daram.

Na ce, "Malam, wanga hannun wa ne?"

Ya ce, "Naki ne, Inna. Ga tabon nan."

Na ce, "Tabona na dama yake. Yaushe ka ga na kwashe wa mutane tuwo da hagu?"

Ɗiyata ta fara cewa, Inna, ai hoto ne, na ɗaga mata hannu. Shi kuwa ya karɓi takardar, ya gwada nasa hannun, sai na ga ya cire hula ya share goshi. Ya yi mana bayani cewa rubutun ya fi zama a ɗaya gefen, shi ya sa ya juya hoton kamar yadda madubi ke juya mutum, abu ne da suke yi kullum a sana'arsu. Idonsa na kan tsari, bai tuna da hannu ba. Ya ce shi ma innarsa ta sha buge masa yatsu da ludayi a kan hagu, da ta ga wannan da ba ta bar shi ya kwana a gida ba. Na ce Allah ya ji ƙanta, mace ce.

Ku duba fa. Da an buga, ɗari-ɗari za a baza shi, daga Anka har Bukkuyum, ga tsohuwa tana koya wa amare girki tana miƙa abinci da hagu. Shekara arba'in ina tsawata wa 'yan mata a kan wannan.

Nan take ya buɗe kwamfutarsa a gindin darbejiya. Na jawo kujerata na zauna dab da shi, tun azahar har aka kira la'asar, yana mai da hannun inda Allah ya ajiye shi, yana neman wa rubutun sabon wuri. Da na ga ya yi laushi, na ce tunda an buɗe aiki, a ƙara hoce da ƙwaryar fura a ƙasa, a kuma sa ja ya yi yawa. Ya ce, "Inna, a hannu kin fi ni gaskiya. A wannan kuma ki bar mini." Ya jingina gwajin a bangon zaure, ya ce in koma bakin rijiya in duba. Da wannan idon nawa da ba ya zura zare a allura, na hango hannu da tururi sarai. Ya ce in ya ƙara kaya, daga nan ba abin da zan gani sai tarkace. Ban ce ya yi gaskiya ba. Na dai sa aka ɗaure masa daddawa a leda ya kai wa iyalinsa, wanda ya san ni ya san abin da hakan ke nufi.

Littafin ya fito. Watanni bayan nan na je suna a Bukkuyum, wata yarinya mai goyo da ban taɓa gani ba ta durƙusa ta gaishe ni. Na miƙa hannu in shafa kan jaririn, sai ta kafe hannun da ido, ta ce, "Inna, ke ce ta jikin littafin?" Ta ce da shi ta koyi hoce, har uwar mijinta ta nemi ƙari. Na tambaye ta kanwa nawa take sawa. Ta faɗa daidai. A ranar na tabbata ɗiyata ba ta ci amanata ba.

Abin da na ɗauka a wannan lamari, a kira mai sana'a a bar shi ya yi sana'arsa, amma kada a tafi barci. Masu ilimi uku sun bi baƙaƙe, ba wanda ya dubi hannun. Har yau littafin guda ɗaya na cikin adakata, a ƙarƙashin zannuwa. Wani lokaci nakan ɗauko shi in ɗora hannuna a kai. Babban yatsa na haɗuwa da babban yatsa, tabo na hawa kan tabo. Iyakar karatuna ke nan, kuma ban taɓa yin kuskure a cikinsa ba.