Ranar da Baba Ya Tayar da Esin Tsohuwar Fijo

Akwai wata 'yar ƙara da mota ke yi idan aka kunna esi, wato na'urar sanyaya iska, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Kai mai karatu wataƙila ba ka taɓa lura da ita ba. Ni kuwa duk ranar da na ji ta sai na koma 'yar shekara tara, ina kwance rub da ciki a gadon asibiti a Kafanchan, ina leƙen babana ta taga.

Bazara ce, makon Ista. Matan zumunta sun taru a tsakar gidanmu suna dama kunun citta na taron coci, ƙamshinsa ya cika unguwa. Ina guje-guje da baya-baya na bangaji tukunyar da aka sauke yanzu-yanzu, ta juye mini a gadon baya. Ihun Mama na tuna fiye da nawa.

Kwana uku ina asibiti, zazzaɓi ya shigo, ciwon ya fara ruwa. Da safiyar kwana na huɗu likita ya ce a kai ni babban asibiti a Jos kafin yamma. Ya ja kunne: kada ƙurar hanya ta taɓa ciwon, kada gumi ya jiƙa shi. A rufe gilashi ke nan, a cikin zafin da ke narka kwalta. Motar asibitin ta tafi da wani tun asuba. Mota ɗaya ce a danginmu, tsohuwar fijo ta Baba Babba, yayan mahaifina, esinta kuwa ya shekara biyu da mutuwa.

Su Baba su huɗu ne. Baba Babba ma'aikacin sakatariya, mai bi masa fasto, gwaggonmu malamar makaranta. Baba ne kaɗai bai wuce firamare ba. Gyaran firji yake yi a wata rumfar kwano kusa da tashar jirgi, kullum farcensa baƙi. Idan an yi taron dangi, shi ake aika ya jero kujeru. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma a lokacin nakan sauya hanya idan ina tare da 'yan ajinmu, don kada mu bi ta gaban rumfar.

Baba Babba ya kawo motar ya ajiye a gindin mangwaro, daidai tagar ɗakinmu.

"Makanikai biyu sun duba," in ji shi. "Kwamfireso, injin da ke tura gas ɗin esin, ya mutu, sai an kawo sabo daga Kaduna. Mota ba firji ba ne."

"Yaya, ba ni makullin," in ji Baba. "Sanyi duk sanyi ne."

Ya hau mashin ya tafi rumfa, ya dawo da jakar kayan aiki, tukunyar gas, da wani tsohon injin firji ɗaure a baya. Ya ɗaga bonet. Ya daɗe bai taɓa komai ba, hannuwansa a baya, yana kallo kawai. Sannan ya duba fis, ya danna bel da babban yatsa. Ya ɗauki guntuwar waya ya haɗa daga batir kai tsaye zuwa kwamfireson. Ƙas! Har ɗakinmu na ji.

"Bai mutu ba," ya ce wa yayansa. "Yunwa yake ji. In babu gas ba ya yarda ya tashi."

Ya ɗaura gejin awon gas, allurar ba ta motsa ba. Ya ɗura gas kaɗan, ya karɓi sabulun wankin Mama ya kaɗa kumfa a kwano, ya dinga shafa wa bututun ɗaya bayan ɗaya da gashin kaza. Rana ta take, rigarsa ta manne a bayansa. Can sai ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai nake gani. A nan ya same shi: wani bututu da ya daɗe yana gogar ƙarfe har ya huje, kumfa na ta kumbura a kai. Ya kwance shi, ya liƙe hujin da wutar walda, ya mayar, ya naɗa masa guntun roba don kada ya sake goga. Da tsohon injin firjin nan ya zuƙe iskar da ke cikin bututun, sannan ya cika gas.

Aka tayar da mota. Sanyi ya fito, Mama ta fara "Mun gode Yesu". Ba a yi minti biyar ba ya ɗauke, iska mai ɗumi ta dawo.

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Zazzaɓina ya ƙaru, nas ta shigo sau biyu tana duba agogo. Baba Babba ya buga hannu a kan motar.

"Ka ɓata mana rabin yini! Mu lulluɓe yarinyar da zane mu tafi haka."

Mama ta leƙa ta tagar da ke kaina. Ba ta yi ƙasa da murya ba. "Yaya, ka yi haƙuri. A bar shi ya gama."

Baba ya koma gaban injin. Ya ɗora tafin hannu a kan wani bututu, ya janye da sauri don zafi. Ya durƙusa a gaban motar ya leƙa ta ragar. Abin da ke gaban lagireto, wanda ke fitar da zafin gas, ya toshe da laka da busassun fari da ƙaiƙayin acca na shekaru. Ya ɗebo ruwa bokiti uku a rijiyar asibiti, ya wanke shi da tsohon buroshin haƙori, layi-layi, ruwan na gangarowa ja. Ya sake tayarwa. Muka jira. Minti biyar, minti goma. Sai ruwa ya fara ɗiga daga ƙarƙashin motar, gilashin ya yi raɓa.

Aka shimfiɗa ni a kujerar baya, kaina a cinyar Mama. Tun da na ƙone, ranar ce ta farko da na ji bayana ya daina ci da wuta. Kafin mu fara hawan dutsen Jos na yi barci. Mama ta ce da muka shiga gari Baba Babba ya miƙa wa Baba hankicinsa ya ce, "Goge hannunka, ƙanina. Ka yi aiki." Likitan can ya buɗe ciwon ya tarar da shi a bushe. Makonni biyar na yi, aka sallame ni.

Da na koma makaranta, ta gaban rumfar na dinga bi da ƙawayena, in tsaya in gaishe shi da ƙarfi.

Yanzu rumfar babu ita, shagon sayar da waya ne a wurin. Masu gyaran yau na'ura suke jonawa ta faɗa musu ciwon mota, abin da ya lalace kuma a cire a jefar. Ban ce ba su iya ba, amma ban cika ganin mai tsayawa ya saurara ba. Baba ya tsufa, idonsa ya yi hazo. Kirsimetin bara na ɗauke shi zuwa Kagoma a motata, sabuwa fil. Muna cikin tafiya ya karkata kai, ya ɗaga yatsa in yi shiru.

"'Yata, bel ɗinki ya saki."

Na yi dariya, na ce motar ko shekara ba ta yi ba. Da na dawo na kai ta gareji. Yaron garejin ya jona na'urarsa ta ce lafiya lau. Na ce ya buɗe bonet ya danna da yatsa. Ya danna, ya ɗago ya dube ni.

"Anti, wa ya gaya miki?"

Na ce, "Babana. Mai gyaran firji ne."