Ranar da Aka Nuna Baba a Majigi

Iya, mahaifiyar babanmu, ba ta fara tatsuniya sai ta gama tura itace a murhu. A ƙauyenmu kusa da Gazara, da an ci tuwo mukan kewaye ta mu jikoki, ta yi ta ja mana rai yadda ta ga dama. Amma akwai tatsuniya ɗaya da ba don mu ta yi ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina 'yar shekara tara. Da damina wasu baƙi suka zo da na'urar ɗaukar hoto, suka ɗauki gonar audugar Baba, suka roƙe shi ya kishingiɗa a gindin ɗorawa. Ya yi yadda suka ce, don baƙi ne. Da kaka motar majigi ta zo Makarfi, muka tafi kallo. Sai ga Baba a jikin farin ƙyalle, ciyawa ta cinye gonarsa, mai magana a lasifika yana cewa, "Ga malalacin manomi, kada ku zama irinsa!" Fili ya kwashe da dariya. Ba wanda ya faɗi cewa kusan duk daminar nan a Zariya Baba ya yi ta, yana jinyar mahaifiyarmu har Allah ya karɓi abarsa.

Muka dawo gida. Baba ya ɗauko gorarsa, wata sanda mai kauri, ya ɗora a cinya. Gobe motar za ta Kudan, ya ce shi ma can za shi. Iya ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ga ta nan ta iso, mai kunne ya matso," ta ce.

Wai wani maharbi ne ya shigo gari a guje, ya rantse ya ga wata mata ta jefa jaririnta a kogi. Gari ya ɗauki sanduna. Aka tarar da ita a bakin ruwa, zaninta a ƙone, ta kasa magana. Aka ɗaga sanda.

Nan Iya ta bar tatsuniyar, ta hau gyaran wuta.

"Iya, sun dake ta?" in ji ƙanwata Ladi.

"Miƙo mini ruwa tukuna."

Sai da ta sha ta ci gaba. Wata tsohuwa ta tambayi maharbi inda ya tsaya. Ya ce bayan dutse. Ashe daga nan ba ya hango wutar dajin da ta koro matar, balle mijinta da ke cikin kwalekwale, wanda ya cafe yaron. Jin haka, dangin matar suka juya kan maharbi da sandunansu.

"Tsohuwa ta ce, ba ƙarya ya yi ba, rabi ya kawo. In kuka fasa masa kai, rabin nan ne zai zauna a bakin mutane, a ƙara da cewa ku masu kisa ne," in ji Iya.

Baba ya tashi ya shiga ɗaki. Mu ma muka je muka kwanta.

Washegari ya tafi Kudan, gorar tana jingine a zaure. Kawunmu da ya bi shi ya ce ana gama nunawa Baba ya nufi motar, ya yi sallama, ya nemi a ba shi lasifika. Ma'aikacin majigin ya gane fuskar, ya ja da baya, sannan ya miƙa. Baba ya ce, "Ni ne wanda kuka gani. Ku ji inda nake lokacin da ciyawar ta fito." Da ya gama, ba wanda ya yi dariya. Ma'aikacin ya cire hularsa ya nemi gafara.

Yau shekara da shekaru ina aikin shirya fim na rayuwar mutane. Na san sarai yadda ake yanka hoto mutumin kirki ya koma abin dariya ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya ba. Shi ya sa ba na fitar da fim sai na koma na zaunar da wanda na ɗauka ya kalla. Sau biyu ana ce mini, "Hajiya, ba haka aka yi ba." Duka biyun na koma na sake.