Giris a Birkin Keke

Ni da hannuna na shafa wa tayar kekena giris don birki ya daina ƙara. Amma kafin a yi mini dariya, a fara jin abin da Yaya ta yi mini.

Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna ba. Abba yana aiki a wani ɗakin gwaji, inda ake gwada man da ake sa wa layin dogo. Yayata mai karatun injiniya ta dawo hutu ta fara bin sa wurin aiki. Shi ke nan gidanmu na Karu ya zama nasu su biyu. Ana cin tuwo suna hirar wasu fayafayan ƙarfe biyu, ɗaya a madadin ƙafar jirgi, ɗaya a madadin dogo, inji yana juya su suna gugar juna, a ɗiga mai a tsakani a auna santsi. Sai ka ji Abba ya ce, "Injiniya, miƙo yaji." Ni kuwa sunana "kai". Ko na zo na ɗaya a duk Najeriya, "kai, rufe ƙofa" ne.

Wata rana Abba ya ce ranar Asabar za su gwada sabon man hana jirgi kuka in zai sha kwana.

Na ce, "Abba, ni ma zan je!"

Yaya ta ce, "Ka je ka yi me, ɗaukar hoto?"

Abba ya ce, "Ƙyale shi. In ya nuna hankali kafin Asabar, sai mu tafi tare."

Hankali kuwa buhu-buhu nake da shi. Birkin kekena yana ihu kamar akuyar da aka taka, kuma abin da na tsinta a hirarsu shi ne, in ƙarfe ya yi kuka mai ake ba shi. Na roƙi giris wurin bakaniken bakin titi, na lafta a ƙarfen tayoyin, daidai inda robar birki ke kamawa. Na jira bayan la'asar, Abba da Injiniyarsa suna zaune a ƙofar gida, na tura keke saman gangaren layinmu na sako shi.

"Abba, saurara!"

Na matse birki. Tsit! Wallahi ko ƙis bai yi ba. Sai dai bai tsaya ba. Na wuce Abba, na wuce Yaya, na wuce masallaci. Ba don baron mai lemo ba, da a Keffi za a tsinto ni.

Mai lemo ya dubi kayansa suna gangarawa kwata, ya dubi Abba da ya iso yana haki. "Oga, wannan naka ne?"

Abba ya lalube ni ya ga ba karaya, sai gwiwa da na ƙuje. Ya shafa yatsa a tayar, ya duba, ya ce, "Injiniya, faɗa masa."

"Giris a gefen dogo ake sa shi, yaro. Na saman dogo daban ne, yana rage kuka amma yana barin ƙafa ta kama. In aka bi naka, jirgin da ya taso daga Kaduna sai Lokoja zai tsaya."

Abba ya yi dariya har da riƙe ciki. Wannan dariyar ta fi gwiwata zafi.

Ranar Asabar su biyu suka tafi. Ni na wuni a tsakar gida da kananzir da tsumma, ina goge tayoyin keke.