Zahara'u da Injin da Ba Shi da Jiki

Kowace safiya, kafin masunta su fito daga tabki, Zahara'u Ɗan Azumi ta riga ta buɗe biro, wato ofishin ƙungiyar masu lambu ta Madarumfa. Ba ta gaida kowa sai ta gaida injinta, babbar kwamfutar ƙungiya. Takan ɗora tafin hannu a kan baƙin akwatin kamar uwa mai duba zazzaɓi, ta kasa kunne ga fankarsa, sannan ta juyo ta ce mana ina kwana. Shekara goma sha shida muna yi mata tsiya, ba ta fasa ba.

Abin da ke cikin akwatin ba na wasa ba ne. Da damina tabki kan cika ya shafe iyakokin lambuna, ba turke ba kunya. In ruwa ya ja, rajistar da ke cikin injin ce kaɗai ke faɗin inda na kowa ya tsaya. Takardun asali gara ta gama da su, hotunansu ne suka rage a ciki.

Tsoron mutuwar injin ya hana ta sakat. Sai ta roƙi shugaban ƙungiya, Alhaji Zakari, a mayar da shi inji a cikin inji: a naɗe shi duka, da rajistar da manhajarsa, ya zama kundi guda da za a iya tayarwa a kowace kwamfuta.

"Ɗiyata, injin da bai da jiki ai aljani ne," in ji Alhaji. "Ni wanda nika taɓawa na yarda da shi."

"Baba Alhaji, gaskiya na ƙarfen ya fi sauri, don ba ya raba ƙarfinsa da kowa. Amma ran da ya mutu, da kayanmu zai tafi."

Alhaji ya ƙi. Ita kuwa ta bar masa ƙarfensa, amma duk Alhamis sai ta kwafi marar jikin, ta tayar da shi a kwamfutarta ta hannu, ta tabbatar yana numfashi.

Bara, ranar komawa lambuna, da hantsi, ƙadangare ya shige bayan akwatin. Aka ji tas, warin ƙuna ya cika ɗaki. A ƙofa kuwa ga Anas da Al'amin, 'ya'yan wa da ƙane, kowa da mutanensa da addunansu, suna jiran hukunci a kan wani fili kusa da tsamiya. Wani ya leƙo ta taga ya kwarma ihu: "Inji ya mutu! Kowa ya kama inda kakanshi ya nuna mai!"

Ina cikin ɗakin. Alhaji ya dafa akwatin da ya yarda da shi, ya ji shi shiru. A waje an daina zagi, kuma wannan shirun ya fi zagin ban tsoro.

Zahara'u ta buɗe kwamfutarta. Har sau biyu tana kuskure lambar sirri. Minti goma sha ɗaya marar jikin ya ɗauka kafin ya farka, ana ta dukan ƙofa. Daga nan ta fita da kwamfutar a hannu, ita kaɗai, ta tsaya tsakanin adduna, ta nuna hoton takardar: iyakar na taku arba'in gabas da tsamiya, da dangwalen yatsun iyayensu biyu a ƙasa. Anas ya daɗe yana kallon yatsan mahaifinsa, sannan ya mayar da addarsa kafaɗa ya juya.

Ke ce kika raba wannan faɗa, Zahara'u, mai tsaron iyakar da ruwa bai ci ba. Ke ce kika ji tsoro a madadinmu shekara da shekaru muna dariya. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Yanzu Alhaji da kansa ke tambaya ko an ciyar da aljani ranar Alhamis. To amma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, idonta ya gaji. Sau uku tana neman mai koyo, ba wanda ya zo. Jama'a, a samu mai zama kusa da ita tun tana nan. Na bi ta bakin tabki jiya, ruwa ya fara ja.