Igiya Biyu a Wuyan Sa Ɗaya

Raihana ɗiyar ƙanwata ce. Kwamfuta take karantawa a jami'a a Wad Madani, yaƙi ya koro ta ƙauyenmu kusa da Wad Haddad. Ba ta iya zama ba. Muna da famfo mai aiki da hasken rana, hawasha huɗu, wato gonaki huɗu, yake shayarwa, ni ke buɗewa ina rufewa da hannu har gwiwoyina suka gaji. Ta ɗaura masa ɗan akwati, ta rubuta masa barnamaj, wato manhaja, da yaren kwamfuta na C++ don ya riƙa raba ruwa da kansa.

A cikin barnamaj ɗin kowace gona tana da nata aikin, irin wanda yake tsayawa ya jira, in an kira shi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Korutin take ce masa. Abin da ake kiransa da shi kuwa, mariƙi.

Dawa na fitar da kai, famfo ya fara mutuwa da tsakar rana. Gonar Hashim maƙwabcinmu ce ta ƙarshe a layi, ganyenta har ya naɗe. Ya zo yana huci.

"Sambo, cire mana wannan shaiɗanin ko in cire shi."

Raihana ta tsaya gaban akwatin. "Baba Hashim, ba ni lokaci zuwa la'asar."

"Dawa ta san la'asar?"

Raihana ta zauna a bakin tur'a, wato magudanar ruwan noma, kwamfuta a cinya, ta ƙi ko shayi. Can ta kira ni.

"Kawu, na gano. Na kwafi mariƙin na ba ɓangarori biyu, na zaci kowa ya samu nasa aikin. Ashe igiya biyu na ɗaura wa sa ɗaya. In ruwa ya yi ƙasa wannan ya yanka shi, wancan yana ta ja."

"Ni dai ruwa nake son gani."

"Daga yau mai yanka ɗaya ne. Ɗayan aro yake."

Ta gyara, ta kunna. Ta rage ruwan da gangan don ta gani, famfo bai mutu ba. Ta tuɓe takalmi ta bi ruwan har gonar Hashim.

Yawancin dawar ta farfaɗo, kunyoyin ƙarshe kam sun tafi. Ita ta yanke karan da lauje, ta ɗora a ka ta kai wa awakinsa. Kuma har aka yi girbi, rana ba ta taɓa take tsaka ba sai tana gindin famfon nan.