Tankin da Badamasi Ya Haɗa wa Ƙanensa

Kowa a Bagudo ya san Badamasi mai walda, kuma kowa ya san baƙar zuciyarsa. Shekara ashirin yana liƙa wa mutane ƙyamare da garmuna, yana zagin ƙarfe kamar mai ji. Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa ɗaga wa murya ba, ƙanensa Albashir, wanda ya raina da hannunsa tun rasuwar mahaifinsu.

Albashir ɗan kabu-kabu ne, kullum yana hanyar Lolo da lodin albasa zuwa bakin iyakar Benin. Ran wata Talata babur ya kayar da shi, kansa ya bugi dutse. Kwana tara bai san inda yake ba. Da ya farka aka yi ta barka, rauni ya warke sumul. Amma Albashir ɗin nan mai cika rumfa da dariya bai dawo ba. Ba ya fita, ba ya ɗaukar ɗiyarsa, tuwo ya bushe a gabansa.

Sai ga masu bakin tsiya! Wannan ya ce lalaci ne, wancan ya ce aljanun gulbi ne, wani ma ya ce raunin imani. Kai, mutane ba su da tsoron Allah! Mutum ya fasa kai a neman abin da iyalinsa za su ci, a ce masa rago?

Wata likita a Birnin Kebbi ce ta faɗa wa Badamasi gaskiya: ciwon damuwa ne, yana bin bugun kai, kuma akwai magani. Ya matsa mata da tambaya, har ta ce a wasu ƙasashe ana gwada sa majinyaci cikin wani ɗakin ƙarfe, a matsa masa iskar oksijin, amma ba a gama tabbatarwa ba, kuma babu shi kusa.

Badamasi ya fito yana huci. Oksijin? Abin da yake yanka ƙarfe da shi kullum? Wato 'ya'yan wasu su shaƙa, ƙanensa ya ruɓe a zaure? Ya samo tsohon tankin gas, ya rufe shago sati uku. Ya yi masa ƙofa da sakata, ya ja tiyo daga tukunyar iska. Matarsa Sailuba ta ce, "Malam, wanga abu kisa ne." Ya daka mata tsawa.

Ran da ya gama, ya kamo hannun Albashir ya kawo shi. Albashir ya daɗe yana duban tankin. Sai ya yi murmushi, na farko cikin shekara guda, ya tuɓe takalma, ya shiga ya kwanta ya miƙe.

"Yaya, in ka sa sakata, mutum na iya fita?"

"A'a, sai na buɗe maka."

"Madalla. To ka rufe ka tahi gida. Kada ka buɗe."

Badamasi ya yi kukan kura. Ya cakumo shi ta kwalar riga ya fizgo shi waje, suka zube ƙasa tare.

"Tun yaushe kake son mutuwa, don ubanka?"

"Tun ran da na farka, Yaya. Ba wanda ya tambaye ni."

Badamasi ya rungume shi a cikin tarkacen ƙarfe, yana kuka yana zagin kansa.