Jariran da Kwamfuta Ta Ce Duk 'Yan Juma'a Ne

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Gaya, ni da abokin aikina. Aikinmu kula da wata manhaja ce da ke karɓar fayil daga wayoyin ungozomomi ta zuba shi a rumbun bayanai, daga nan a riƙa tura wa iyaye saƙon tunin rigakafi. Abin da ya fito da mu kuwa, rumbun ya nuna duk jariran wani ƙauye a Ajingi ranar Juma'a ake haifarsu.

Kuɗin mota ya ƙaru, wurin zama bai ƙaru ba. Har Wudil gwiwata na jikin buhun wani dattijo, shi kuma yana ta ba ni haƙuri a madadin buhun. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo, gyaɗa ta rufe ƙasa. A Gaya muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa mai kauri, sannan muka hau babura. Nawa ɗan acaɓan ya san kowane rami, sai dai bai ga dalilin kauce musu ba.

Asibitin ƙauyen ƙarami ne, ɗaki biyu da rumfa. Ungozomar, mace mai yawan dariya, ta shimfiɗa mana tabarma. Da na faɗi abin da ya kawo mu, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗana, ai da garin nan ya cika da Jummai da Ɗanjuma," in ji ta. "Mu nan babu sabis. Nakan rubuta haihuwa a waya a ranar, amma sai na je Gaya gaida mahaifiyata ran Juma'a bayanin yake tafiya. In ruwa ya tare hanya, sai wata Juma'ar."

Muka buɗe fayil ɗin wayarta, ga ranar kowace haihuwa daidai. Ashe manhajar ce ke ajiye ranar gefe, ta buga lokacin da fayil ya iso mata.

Muna cikin haka wata mata ta shigo goye da 'yarta, wadda aka haifa ran Talata ake ce mata Talatu. Saƙon tuni ya zo mata a makare, ta taka daga rugarsu ta tarar ranar allura ta wuce. Ba ta yi ƙorafi ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ni dai kada a ce na yi sakaci da ita." Dariyar da nake yi tun safe ta tsaya. Ungozomar ta karɓi yarinyar tana yi mata wasa, ta sa wa uwar ranar dawowa da baki.

A ƙarƙashin rumfar muka zauna gyara. Muka raba gurbin rana na manhajar gida biyu: ɗaya na ranar haihuwa, wanda ba mai taɓa shi, ɗaya na lokacin isowar fayil. Aka kawo mana dambu da ƙuli-ƙuli, muka ci har abokina ya fara gyangyaɗi a kan kwamfuta. Da la'asar muka koma Gaya, inda akwai sabis, muka sake loda tsofaffin fayilolin. Ranaku suka warwatsu cikin mako kamar yadda Allah ya kawo su.

Mun shigo Kano bayan magariba, da ƙullin gyaɗa da ungozomar ta tura mana a jaka duk da mun ce a'a. Na daɗe ina kallon wannan gurbi a matsayin lambobi. Yanzu na san wata uwa na iya taka doguwar hanya da goyo saboda abin da aka rubuta a ciki. Washegari ungozomar ta hau tudun bayan asibiti ta samu ɗan sabis ɗin da bai isa tura fayil ba ta kira ni, ba don aiki ba, wai ta ji ko mun isa gida lafiya.